Wasiƙa Zuwa Ga Masu Girkin Firiza

'Ya'yana da ƙannena, masu dafa miya da abinci a zuba a roba a daskarar, a kai wa matan da aiki ya hana su tsayawa a kicin. 

Bari in fara da yabo, kada a ce tsohuwa ba ta ganin alheri. Kun buɗe sana'ar da ba mu san ta ba a zamaninmu. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta fita tun bakwai na safe, ta sha cunkoson titin Zariya ta iso gida bayan magariba, yanzu robar miya kawai za ta ciro, ta tuƙa tuwo, yara su ci kafin barci ya kwashe su. Kun rufa wa gidaje asiri, kun rufa wa kanku. Allah Ya yi albarka. To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwanakin baya na je gidan 'yar ƙanena na yi mata kwana biyu. Ta yi odar miyar sati biyu a wajen ɗaya daga cikinku, ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi unguwa ba. Na buɗe robar taushe, sai ga farar ƙanƙara kwance a sama kamar gilashi, kaurinta ya kai yatsa, kabewa da nama sun zauna can ƙasa, miyar kuma ta daskare a karkace. Wannan ba ya buƙatar duba. Miya ta narke, ruwa ya rabu da ita, aka sake daskarar da ita, aka kawo wa baiwar Allah a kula kamar jiya aka sauke. Ko kwanan wata babu a jikin robar. Na ce a zubar. Ta ce, "Gwaggo, kuɗi fa na zuba." Ashe ta riga ta ɗumama 'yar uwar wannan robar a daren jiya, kuma autanta ya kwana yana zarya banɗaki. Allah ne masanin abin da ya ɓata wa yaro ciki, amma ni na san abin da idona ya gani.

'Ya'yana, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su. Firiza mai lafiya tana riƙe abinci a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Da zarar miya ta narke ta haura digiri 5, waɗancan masu barci sun farka, kuma daga nan har digiri 60 hayayyafa suke yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Awa biyun nan ma sai a inda gari yake da sauƙi, balle Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40.

Na san abin da za ku ce: wuta. Ba ku kuka ɗauke ta ba, gaskiya ne. Firiza cike maƙil, in ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyinta kimanin kwana biyu, in rabi ce kuwa kwana ɗaya. Amma wace ce a cikinku take barin ta a rufe? A ciki ake ajiye zoɓon sayarwa da ƙanƙarar maƙwabta, yara suna buɗewa sau ashirin kafin azahar. Ku tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Masu sola da masu kuɗin man janareta sun tsira. Sauran fa? Ina miyar da ke cikin firizojinku ta tafi? Ban ji wadda ta kira kwastomominta ta ce kayan sun lalace, a yi haƙuri ba. Da wuta ta dawo sai hotuna suka ci gaba da fitowa a WhatsApp kamar ba a yi komai ba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Abin da ya fara saki amma har yanzu akwai ƙanƙara a tsakiyarsa ana iya mayar da shi, ko da yake ɗanɗanonsa zai ragu. Abin da ya narke sarai har sanyi ya bar shi, ya tashi daga kayan sayarwa. Kada kuma wata ta ce mini ai za a tafasa. Tafasa tana kashe yawancin ƙwayoyin, amma akwai masu barin guba a abinci wadda wuta ba ta karya ta. Shinkafa ce babbar shaida: tun tana ɗanya take ɗauke da irin wata ƙwaya da dahuwa ba ta kashewa, in aka bar dafaffiyar ta kwana da ɗumi sai ta tsiro ta zuba gubarta, ko sau nawa aka ɗumama kuwa mai ci zai iya yin amai. In kina son sanin abin da ya faru da firizarki kina barci ko kina unguwa, daskarar da ruwa a kofi ki ɗora kwabo a kai. Kwabo ya yi wuyar gani yanzu, ƙwallon dabino ma ya wadatar. Ranar da kika same shi a gindin kofi, kin san komai ya narke ya sake kamawa.

Kun san hadisin nan da Muslim ya ruwaito, na mai sayar da abinci da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Hukuncin da ya biyo baya a kan mai algus bai ɓoyu ga kowa ba. Miyar da ta narke aka sake daskararwa aka yi shiru, a wane layi za mu sa ta?

Laifi na biyu tun a kan wuta yake farawa. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa ganin firiza ba, amma miyarta takan kai gobe lafiya cikin bazara. Jajjage ba ya sauka sai ruwansa ya ƙone ƙurmus, mai ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu. Da dare ta sake tafasa ta, ta rufe, kuma kaiton yarinyar da ta tsoma ludayi bayan nan. Da asuba a mayar kan murhu a ci da ɗumame. Wata tsohuwa mai tuwo-tuwo da na yi wa wanke-wanke ina budurwa, da hanci take sanin miyar da za ta kai la'asar da wadda ba za ta kai ba. Yanzu fa? Gas ya yi tsada, oda ta yi yawa, sai a sauke miya da ruwa tsamo-tsamo a ce firiza za ta riƙe. Firiza abin da kika ba ta shi za ta mayar miki, har da ragi.

Sai kuma a juye tukunya guda cikin bokitin roba, ko dai a tura shi da zafinsa ya narkar da na kusa da shi, ko a bar shi a tsakar gida ya kwana wai yana hucewa. Duka biyun ɓarna ne. Tsakiyar bokiti tana daɗewa da ɗumi bayan gefe ya kama. Wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, da ya je Labrador, wadda yanzu take cikin ƙasar Kanada, a 1912, ya lura cewa kifin da mutanen wurin suke kamawa cikin tsananin sanyi yana daskarewa nan take, kuma in an narkar da shi bayan watanni kamar sabo yake. Dalili shi ne daskarewar gaggawa ƙananan ƙanƙara take yi, ta a hankali kuwa manya, masu yayyaga nama da ganye. A kan wannan ya gina sana'ar da kayanta suka shiga kantuna a 1930. Ku raba miya a ƙananan robobi marasa zurfi, daidai cin dare ɗaya, ku tsoma su a ruwan sanyi su huce da wuri, ku bar ɗan fili a sama domin ruwa yana kumbura in ya daskare.

Kuma ba komai ake daskararwa ba, haba! Dankali yakan koma kamar soso, dafaffen ƙwai kamar roba, alayyahu ya yi baƙi ya saki ruwa, yauƙin karkashi da kuɓewa ya ragu. Iyayenmu su ne asalin masu girkin gaggawa, rana ce firizarsu: kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa, yaji, dambun nama. Wuta ba ta taɓa ɗauke musu ko ɗaya ba. In akwai romo mai kyau da soyayyen jajjage, kaɗa kuka minti goma ne. To me ya sa ba za ku sayar da romon da jajjagen ba, lokacin rani da tumatirin Kadawa yake arha a 'Yankaba, ku haɗa wa mace da ƙullin kuka ta kaɗa abinta sabo? Amma a'a, kuka a leda ba ta kyau a hoto. Kuna da rabin awa na gyara haske da jera robobi don Instagram, ba ku da daƙiƙa goma na rubuta kwanan wata a murfi.

Ku yi haƙuri, harshe ya ɗan yi kaifi. Da ban ɗauke ku 'ya'ya ba da na yi shiru na ci gaba da jan carbina, kuma na san a cikinku akwai masu tsoron Allah da suka zubar da kayan dubban nairori ba wanda ya sani. Matar da take sayen miyarki ba ta ga tukunyarki ba, ba ta san daren da unguwarku ta kwana a duhu ba, amana kawai ta ba ki ta ɗora wa 'ya'yanta. Ina roƙonku, daga odar wannan satin, kowace roba ta fita da sunan abin da ke ciki da ranar da aka dafa shi. Ranar da firiza ta saki kuma, ki ɗauki waya ki faɗa wa mai kaya da bakinki.

Wassalam. Taku, tsohuwar mai girkin biki, daga Kano.