Ba ƙishirwa ce ke kashe shukokin lakwal ɗinmu ba

Bara wata ɗalibata ƴar aji biyar ta yi kuka a gabana saboda reshen itace. Ƙawunta ne ya kawo mata shi daga Yamai, irin wanda Faransawa ke kira frangipanier, mai farin fure da ƙamshi. Ta dasa shi a tsohon bokiti a bakin aji, tana ba shi ruwa safe da yamma. Kafin wata guda gindin ya yi baƙi, ya yi laushi. Na ce mata sakaci ta yi. Da na juye bokitin sai kunya ta kama ni: baƙar laka ce ta bakin tabki, jagab da ruwa, ƙasan bokitin kuwa ko huda ɗaya babu. Ni ne kuma na ce ta samo "ƙasa mai kyau" ban yi mata bayani ba.

Tun 1975 Nijar ke haɗa bikin ƴancin kai na 3 ga Agusta da dashen itace. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mai Ruwa, kowace lakwal na dasawa. Idan shuka ta mutu sai mu ce yara ba su yi ban ruwa ba. A ganina, yawancin waɗanda muke reno a tukunya ko leda, ƙasar da muka zuba musu ce ke kashe su.

Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. A jigawarmu ta Arewa ruwa na wucewa da kansa, amma laka a cikin tukunya riƙe shi take yi, iska ta rasa hanya, saiwa ta ruɓe. Shi wannan itace asalinsa Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka, yana ajiye ruwa a rassansa masu kauri, don haka ya fi jure fari a kan jiƙa.

Haɗin da nake koya wa yara yanzu ba ya cin ko dala. Tiya 2 ta yashi mai tsakuwa-tsakuwa daga ƙorama, ba rairayi mai laushi da ke cushewa ba. Tiya 1 ta takin da ya gama ruɓewa, domin ɗanyen kashin dabba yana ƙona saiwa, yana kiran gara. Tiya 1 ta gutsattsarin gawayi ko ɓawon gyaɗa. A huda ƙasan tukunya. A jiƙa haɗin a damƙa a hannu: in ya watse da an taɓa shi, ya yi, in ya dunƙule kamar dawo, a ƙara yashi. Reshen kuma a bar shi a inuwa mako ɗaya ko biyu bakin ya bushe kafin dashe, kuma kada farin ruwansa ya shiga idon yaro. Ba a ƙara ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Da hunturu, in ya zubar da ganye, a rage ruwan sosai. Bai mutu ba.

Wani uba ya ce mini: "Mushe, fure ai ba tuwo ba ne." Gaskiya ce. Amma zogale ma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, haka ɗan mangwaro a leda. Yaron da ya gane wannan a bokiti zai kai shi garkar gidansu.

Ƴan uwana malamai, ku yanke gora biyu ta roba, ku huda ƙasansu, ɗaya laka, ɗaya haɗin nan, ku zuba ruwa kofi ɗaya-ɗaya, yara su ƙirga lokacin da zai ɗauka kafin ya fita. Iyaye kuma, kafin a yi wa yaro faɗa kan shukar da ta mutu, a juye tukunyar a duba. Ɗalibata ta samu wani reshen bana, kuma ita ce ke auna wa ƴan ajinsu yashi.