Wa ya cancanci kujera a kwamitin silima?

Akwai masu ganin cewa ƙungiyar da za ta riƙe gidan silima a Yamai, ba don riba ba, sai ta cika kwamitinta da attajirai da tsofaffin manyan ma'aikata, wai sunansu ne zai jawo tallafi. Tarihin silimar Nijar ya ƙaryata wannan ra'ayi.

Oumarou Ganda ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, kafin fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Moustapha Alassane, wanda aka raɗa wa wata cibiyar al'adu ta Yamai sunansa a 2024, da kanikanci ya fara. Kwamitin manya zalla da a bakin ƙofa zai bar su.

Abin da gidan ke bukata shi ne akawu mai tsare kuɗi, da mai gyaran na'ura, da mai shirya fim, da malamin da zai kawo ɗalibai kallo. Wanda ba ya shiga zauren kallo, kada a damƙa masa makullinsa.