Zoɓon Jamaika da Mazarƙwailar Maƙarfi

A shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana ministan harkokin waje, Nijeriya ta kafa shirin aikin sa-kai da ake kira TAC. Maimakon a riƙa ba ƙasashe 'yan'uwa tsabar kuɗi, wanda ba a san aljihun da zai ƙare a ciki ba, sai aka ce a riƙa aika musu da mutane: malaman makaranta, likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi, masu sana'ar hannu. Mutum ya yi shekara 2, Nijeriya ta biya shi alawus, ƙasar da ta karɓe shi ta ba shi masauki. Yawanci a nan Afirka ake tsayawa, amma akwai waɗanda rabo ya kai tsibiran tsakiyar teku, irin su Jamaika da Fiji. Don haka ba abin mamaki ba ne wata rana yarinyar da ta fara karatun aikin lafiya a Kwalejin Shehu Idris ta Maƙarfi ta tsinci kanta a wani asibiti a Kingston.

In ta je can a watan Disamba, abin da za a fara miƙa mata shi ne kofin wani jan ruwa mai ƙamshin citta. Zoɓo ne, wannan dai da muke shukawa a gefen gona. Mutanen Jamaika ba sa bikin Kirsimeti ba tare da shi ba, sai dai ta tambaya tukuna, domin wasu suna zuba masa barasar rake. Da safe kuma a kawo mata alayyafo da aka sulala da albasa da tumatir. Kuɓewa ma tana nan. Duk waɗannan ba baƙi ba ne ga bakin Bazazzagiya, domin da yawa daga abin da ake ci a tsibirin daga Yammacin Afirka ya taso, a cikin jiragen da suka kwashi bayi zuwa gonakin rake.

Abincin da suka ɗauka a matsayin na ƙasa shi ya fi ban mamaki. Ɗan wani itace ne da suke kira aki, wanda a Hausa ake ce wa gwanja kusa, a haɗa shi da busasshen kifi mai gishiri. Itacen daga nan yankin namu aka kai shi a ƙarni na 18. Kifin kuwa daga gaɓar tekun Kanada masu gonaki suka riƙa sayo shi, saboda shi ne mafi araha da za a ciyar da bawa. Wato abincin wahala ne tsantsa, abincin wanda ba shi da zaɓi. Ga shi kuma da haɗari: in ba a bar ɗan itacen ya buɗe da kansa a kan bishiya ba, yana da guba mai sa amai har ta kai ga kisa, shi ya sa Amurka ta hana shigar da shi ƙasarta daga 1973 har zuwa 2000. Jikokin bayin nan ba su ce abin kunya ne su ɓoye shi ba. Sun koyi tsinkarsa a kan lokaci, suka tsabtace shi, suka zuba a gwangwani suna sayar wa duniya, kuma babu otal ɗin da ya fi ƙarfin ya dafa wa baƙo shi.

A Fiji kuma, can cikin tekun Fasifik, ƙofar shiga gari ce abin kallo. Tsibirai ne fiye da 300. Baƙo, ko likita ne ko malami ko mai yawon buɗe ido, ba ya faɗa wa ƙauye haka nan. Sai ya sayi ƙunshin busasshen saiwar wani tsiro da ake kira kaba, ya nemi wakilin gari ya yi masa iso wurin sarki. Ya cire hula, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, a faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. In sarki ya karɓi saiwar, to baƙo ya shiga amanar gari. Wannan al'ada suna ce mata sebusebu, kuma duk wanda ya taɓa kai goro gidan dagaci zai gane ta tun kafin a yi masa bayani. Ana daka saiwar a jiƙa a sha a ɓawon kwakwa. Ba giya ba ce, amma tana kashe harshe tana saukar da kasala, kuma ko a cikin 'yan ƙasar akwai waɗanda ba sa sha saboda addini, don haka Musulmin da ya kawo tasa saiwar ya ba da uzuri cikin ladabi bai yi laifi ba.

Bayan nan sai abinci. A haƙa rami, a gasa duwatsu su yi jawur, a jera gwaza da rogo da kifi da kaza a naɗe cikin ganye, a rufe da ƙasa na 'yan sa'o'i. Sau da yawa akwai naman alade a ramin, sai mutum ya tambaya. Gwaza da rogo fa. A 2023 baƙin da suka shiga Fiji sun haura dubu 900, kusan yawan mutanen ƙasar baki ɗaya, kuma da yawansu biya suke yi don su ci abin da mu a nan muke ɗauka abincin bazara ne, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Ba na cewa duk mai zuwa aikin sa-kai alheri yake kawowa. Akwai masu biyan kamfani su je mako biyu, su shafa wa aji fenti, su ɗauki hoto da yara su koma, alhali a garin akwai mai fentin da ba shi da aiki. Mu ma mun taɓa ganin irin wannan. A watan Oktoba na 1961 wata budurwa Ba'amurkiya daga cikin 'yan sa-kan farko da gwamnatin Kennedy ta turo ta rubuta wa wani a gida kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani a Ibadan. Katin ya faɗi, ɗaliban jami'a suka tsinta, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. A ganina, da an fara zaunar da ita a tsakar gidan wani ta sa hannu a akushi ɗaya da matan gidan, da wuya ta rubuta abin da ta rubuta a yadda ta rubuta shi.

To mu a Ikara da Maƙarfi da Kudan ba mu da teku, kuma ba wanda zai hau jirgi ya zo shan iska a fadamarmu. Amma baƙi muna da su. Tun 1973 ake turo mana 'yan bautar ƙasa daga kudu. Ga ɗaliban kwalejin lafiya, ga ma'aikatan rigakafi, ga fataken da ke zuwa lodin rake da tumatir da barkono, yanzu kuma ga masu zuwa Hunƙuyi sayen inabi. Yaya muke karɓarsu? Ɗan bautar ƙasa ya sauka a tasha da jakarsa, a nuna masa wani ɗaki a bayan makaranta, shi ke nan. Ya shekara yana dafa taliyar leda a risho, ba wanda ya kai shi gaban hakimi, ba wanda ya ce masa ga gidan da za ka riƙa cin tuwon dare. Ran da ya koma Enugu aka tambaye shi labarin Arewa, sai ya ce zafi da ƙura.

In kuwa muka tashi karrama baƙo, sai a aika yaro ya sayo lemon kwalba, a dafa shinkafa 'yar waje. Fate fa? A'a, kada baƙo ya raina mu. Kanawa sun daɗe suna tsokanar Zage-zagi da fate, wasa ne tsakaninmu, amma kamar mun fara ɗaukar wasan da gaske. Alhali faten tsaki da ya ji yakuwa da gyaɗa, ko dambun da aka yi da zogale aka zuba masa man gyaɗa, ya fi shinkafar nan amfani a jiki, kuma shi ne abin da baƙon ba zai samu a garinsu ba.

Mazarƙwaila ce ta fi ba ni takaici. Duk wanda ya tsaya a wurin da ake yinta a ƙauyukan Maƙarfi ya san abin kallo ne: a matse raken, dā da doki yana zagaya injin, yanzu da injin mai, a tafasa ruwan a manyan kasake ana kwashe kumfa, har ya yi kauri a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. A tsibirin Moris, da farashin sukari ya faɗi bayan Tarayyar Turai ta rage abin da take biya da kashi 36 cikin ɗari daga 2006 zuwa 2009, ɗaya daga abubuwan da suka riƙe masana'antar shi ne sukarin da ba a tace ba, mai duhu da ɗanɗanon rake, wanda ake sayarwa da tsada a kantunan Turai. Ɗan'uwan mazarƙwaila ne na jini. Tamu tana nan a buɗe a faranti a bakin titi, ƙura da ƙuda suna sauka, babu awo, babu sunan garin da aka yi ta.

Gyaran ba ya buƙatar kwangila. Shugaban makaranta zai iya ɗaukar sabon ɗan bautar ƙasa a makon farko ya kai shi gaisuwa wurin mai unguwa da liman, a haɗa shi da gida guda da zai riƙa shiga ba sallamar baƙunta. Ranar kasuwa ɗalibansa su zagaya da shi, lokacin sara su kai shi gonar rake. Masu dafa mazarƙwaila kuma su haɗa kai su tace ruwan da kyau, su daidaita nauyin kowane curi, su naɗe shi a takarda mai tsabta da sunan Maƙarfi a jiki, ta yadda wanda ya gama shekararsa zai iya sayen katan biyu ya sa a motar Legas ba tare da ta narke masa a cikin kaya ba.