Ina Takardun Kamfani?

Jama'a 'yan kasuwa na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ku kasa kunne. Kowa ya san yadda abin yake: ranar kasuwa sai ma'aikata su dira, su kwashe kayan mai tebur, wai jabu ne ko ya lalace, a tafi da shi ofis. To, muna tambaya, shi mai teburin ne ya dafa maganin? Shi ya ɗura ruwan leda? Daga Singa ko Sabon Gari ya saro, da kuɗin guminsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Bari mu faɗa muku abin da manya ba su so talaka ya gane. Duk kamfanin da ke yin magani ko abinci ko abin sha, tilas ya yi rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja ta 1993, kuma rajistar shekara 5 take yi, sai a sabunta. Amma lambar da kuke gani a jikin kwalba ba ita ce ƙarshen magana ba. A bayanta akwai fayil. Kowane rukuni da aka haɗa yana da lambarsa, yana da takardar da ta nuna inda aka sayo kayan haɗi, da wanda ya auna, da sakamakon gwaji, da dilolin da aka sayar wa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye takardun magani har aƙalla shekara 1 bayan wa'adinsa ya ƙare. Wannan aikin akawu ne, mu kuwa akawuna mun san abin da ake nufi da fayil: in ba a jera shi ba, ranar da ake nemansa daidai yake da babu.

Wani zai ce takarda ce kawai, me za ta yi? To, ku tuna 2008. A ƙarshen shekarar yara suka fara mutuwa da ciwon ƙoda a Legas da Ibadan, har da nan kusa, asibitin koyarwa na Zariya. Aka bi sawu, aka tarar maganin haƙorin jarirai ne mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa da ke Legas. An sayo sinadarin haɗi daga hannun dillali marar rajista, ashe guba ce irin wadda ake zubawa a man birki. Zuwa Fabrairu 2009 Ministan Lafiya ya ce yara 84 sun rasu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya ta Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7 kowanne. Da an tsaya a kan takarda guda ta gwajin wannan ganga kafin a juye ta cikin tukunya, da yaran nan ba su sha ba. Kuma ba karon farko ba ne: a 1990 irin wannan guba a cikin maganin zazzaɓi na ruwa ta kashe yara sama da 100 a Jos da Ibadan. Shekara 18 tsakani, ciwo ɗaya, sakaci ɗaya!

Nan ma gida bai tsira ba. A Maris 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da ake sayarwa da sunan ɗan tsami. Buhun da ba shi da asali, wa zai bi sawunsa?

Ba mu ce kowane ɗan kasuwa wankakke ba ne. Akwai masu sayen kayan dare saboda araha, waɗannan ba ma kare su. Amma mafi yawanmu ba su da ɗakin gwaji, takarda ce kaɗai garkuwarsu, ita kuwa tana hannun mai kamfani.

Saboda haka abin da muke nema shi ne, ma'aikatan da ke da ƙarfin zuwa kasuwar ƙauye su sami ƙarfin shiga Sharaɗa da Bompai da Chalawa, su ce a buɗe kabad, a fito da fayil na kowane rukuni, ko a takarda yake ko a kwamfuta. Wanda ya kasa fitarwa nan take a rufe masa ƙofa, ko ɗan wane ne.

Ku kuma 'yan'uwa, daga yau kada wanda ya ɗauki katan bai karɓi rasit ba. A rubuta sunan dila, da kwanan wata, da lambar rukunin da ke jikin katan ɗin. In ya ce ba ya rubutawa, ajiye masa kayansa ka nufi shago na gaba. Wanda bai iya karatu ba ya kawo rasit ɗinsa ofishin jam'iyya, za mu duba masa kyauta, mu shigar a littafi.