Muna ƙirga buhunan ƙwaya, ba ma ƙirga waɗanda suka warke

Akwai maganar da ba ta ɓacewa a duk taron da aka yi kan shaye-shaye a jihar Kano, daga ɗakin taron gwamnati har majalisar dattawan unguwa a Getso ko Garo. Da an ambaci bincike sai wani babba ya gyara zama ya ce matsalar ai kowa ya san ta, ba rubuce-rubuce muke buƙata ba, aiki muke buƙata. Sai a tafa masa. Aikin da yake nufi kuwa sananne ne: a kama dillalai, a tara kwalaye a cinna musu wuta a gaban 'yan jarida, a yi wa masu neman kujera gwajin ƙwaya, a ƙara gina gidan gyaran hali.

Wannan maganar ce ta daƙile mu. Raɗaɗin abin muka sani, domin babu zuri'ar da bai taɓa ba. Amma girmansa, da kamanninsa, da abin da ke maganinsa, yawanci hasashe muke yi da babbar murya.

A watan Oktoban 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalaben kodin sama da miliyan 3 kowace rana a Kano da Jigawa. Adadin ya zagaya duniya, har yau ana maimaita shi a rediyo da wajen wa'azi. A farkon 2019 kuma aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi gida-gida tare da cibiyar CRISA ta Uyo da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Ya nuna masu shan maganin tari don maye a duk faɗin Najeriya kimanin miliyan 2.4 ne. Ku yi lissafin da kanku. Ko da a ce dukkansu sun kwashe komatsansu sun tare a Kano da Jigawa, sai kowanne ya shanye fiye da kwalaba guda kullum, ba fashi, kafin a cimma adadin sanatoci. Ɗaya cikin alƙaluman nan ya kauce hanya, ni kuwa na fi amincewa da wanda aka bayyana yadda aka ƙirga shi.

Binciken ya rushe wasu zato da muka riƙe ƙam. A yawan masu shaye-shaye, ya sa Kudu maso Yamma a gaba da kashi 22.4 cikin 100, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12. Kano ya ba ta kashi 16, wato mutum sama da miliyan guda, wanda ba abin alfahari ba ne, amma ba ita ce kan gaba ba kamar yadda aka saba yi mana gori. Ya kuma ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Ku leƙa gidajen gyaran halinmu ku ga ko rubu'in gadajensu na mata ne.

Sai dai ƙidayar masu sha daban, sanin abin da ke warkarwa daban, kuma a nan ne duhunmu ya fi kauri. A ce yaro ne daga wani ƙauyen Kabo, lebura a gonakin rani na bakin madatsar Guzu-Guzu. Da ƙwayar tiramol guda ya fara, wai don ya jure cirar ciyawa daga hantsi zuwa la'asar. Yanzu in bai haɗiyi huɗu ba jikinsa rawa yake, hanci na yoyo, barci ya ƙaurace masa. Rannan ya faɗi yana farfaɗiya, uwarsa ta sayar da akuya aka kai shi asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano. Bayan 'yan makonni ya yi ƙiba, idonsa ya washe, aka sallame shi da kati da magani a leda, aka ce ya dawo bayan wata guda. Kuɗin motar zuwa da dawowa na mutum biyu ya fi abin da yake samu a yini. Bai koma ba. A takarda labarinsa ya ƙare da "an sallame shi cikin sauƙi". Ko ya koma ruwa bayan sati biyu, ko yana nan garau ya yi aure, ko ya rasu, takardar ba ta da gurbin wannan.

To a kan me muke cewa wannan hanyar tana aiki, waccan ba ta aiki? Gwamnati ta kafa makarantar gyaran tarbiyya a Ƙiru, ana yaye matasa ana ba su jari, kuma niyya ce mai kyau. Hukumar NDLEA tana da ɗakunan ba da shawara. Duk wanda ya ce waɗannan sun wadatar, ya fito mana da adadin waɗanda suka cika shekara guda ba su koma ba. Adadin da ake karanta mana kullum shi ne nauyin abin da aka kama da yawan waɗanda aka damƙe. Haka aka yi da kodin: tashar BBC ta saki fim ɗinta a ƙarshen Afrilun 2018, har da hotunan matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Dorayi, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. Hukunci ne da ya dace. Amma me masu shan suka koma sha? Hukumar da ta ɗauki mataki irin wannan ya kamata ta iya amsa wannan tambayar wata shida bayan haka, gari-gari.

Wani zai ce Turawa sun riga sun yi binciken, mu kwafa kawai. Sun yi, amma a kan cutarsu. Yawancin gwaje-gwajen da aka gina maganin jarabar dangin ofiyom a kansu an yi su ne a kan masu shan hodar heroyin. Namu yaron tiramol yake sha, kuma ba mai miligiram 50 ko 100 da doka ta amince da ita ba, mai 225 ta fasa-ƙwauri, wani lokaci ya haɗa da roci ko ekzol, ya kora da gadagi, ga wiwi, ga sholisho. Tiramol tana aiki a ƙwaƙwalwa ta hanya biyu, shi ya sa take kawo farfaɗiya, kuma barinta yake zuwa da firgici da ruɗu baya ga ciwon gaɓoɓi. Yadda za a yaye lebura mai shekara 19 daga wannan haɗin, a garin da babu likitan ƙwaƙwalwa, ba tambaya ba ce da wani a Landan zai amsa mana. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum sama da miliyan 200.

Ba sai an yi ƙasar masu kuɗi ba. A jihar Goa ta Indiya, ƙungiyar Sangath ta horar da mutanen gari waɗanda ba likitoci ba, suka riƙa zama da masu shan giya a ƙananan asibitoci, aka kwatanta da kulawar da aka saba. Bayan wata uku, kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka samu wannan zaman sun ƙaurace wa giya a makonni biyun da suka gabaci awon, a ɗaya ɓangaren kashi 18. A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranci gwaji a Ibadan da Kumasi inda aka haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addu'a su kula da masu taɓin hankali tare. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Ba a kan shaye-shaye aka yi shi ba, amma ya nuna ana iya auna abin da ke faruwa a zauren malami da ma'aunin asibiti.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Bayan samamen da aka kai gidan mari na Rigasa a Satumbar 2019, da na Daura da ya biyo baya, an rufe gidajen mari, kuma abin da aka gani a ciki na azabtarwa babu mai imanin da zai kare shi. Amma iyaye ba don mugunta suka kai 'ya'yansu can ba, don babu wata ƙofa a buɗe ne. Har gobe malami ne farkon wanda uwa a Lakwaya ko Gude za ta nufa. In ana son sanin ko nasiharsa, haɗe da kulawar ma'aikacin lafiya, ba mari ba bulala, tana riƙe yaro fiye da kwanciya a birni, hanya ɗaya ce: a gwada, a rubuta, a bi sawu. Manomin Kabo ma ba ya zuba sabon iri a duk gonarsa sai ya gwada shi a 'yan kunyoyi ya ga abin da ya ba shi a kaka.

Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa Bakano yake ɗari-ɗari da kalmar gwaji, kuma ba jahilci ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu, har aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75 a 2009. Tabon ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. Amma darasin ba shi ne a guji bincike ba. Garin da ba shi da masu bincike nasa, da kwamitin da zai ce a'a, shi baƙo yake shigowa ya yi abin da ya ga dama.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina katanga ba. Rajista guda a Babban Asibitin Gwarzo da ƙananan asibitocin Kabo, da ke rubuta abin da mutum yake sha, tun yaushe, da abin da aka yi masa, da yardarsa cikin Hausa, ba tare da sunansa ya kai ga 'yan sanda ba. Ma'aikatan lafiya biyu ko uku da babur da katin waya, su neme shi bayan wata uku, da shida, da goma sha biyu. Mace cikinsu, don matan da ke sha a ɗaka. Malaman Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan titin Gwarzo, su kula da tsarin, su horar da ɗalibai a kai, su dawo su faɗa wa mutanen gari abin da aka gano a gaban hakimi, ko da sakamakon bai yi wa gwamnati daɗi ba.

Gwarzo da Kabo ɗan majalisar tarayya guda suke da shi, ga 'yan majalisar jiha biyu, ga shugabannin ƙananan hukumomi biyu. Duk ranar da ɗayansu ya zo da alƙawarin sabon gidan gyaran hali, ku karɓa ku gode, sannan ku tambaye shi nawa ya ware don bin sawun waɗanda za a sallama.