Rumbun Bayanai a Sama, Rana a Ƙofar Gida

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, ga wani sabon al'amari da ya kamata ku sani. Duk kuɗin da mutum ya aika ta waya, da saƙon da ya karɓa, suna bi ne ta wasu manyan gidaje cike da kwamfutoci, watau rumbunan bayanai. Cin wuta gare su ƙwarai: a 2024 sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya. Don haka wasu suka ce a ɗora su bisa taurarin ɗan Adam, inda babu gajimare, babu ƙura, su riƙa shan hasken rana kai tsaye.

A watan Mayu 2025 ƙasar Sin ta harba irin taurarin nan guda 12. A Nuwamba kamfanin Starcloud na Amurka ya harba ɗaya, Google kuma ya bayyana shirinsa, ya ce faifan sola a can yana iya ba da wuta har ninki 8 bisa na ƙasa.

Amma akwai sauran rina a kaba. Kwamfuta tana ɗaukar zafi, can kuwa babu iska balle ruwan sanyaya ta. In abu ya lalace, wa zai hau ya gyara? Nijeriya ta ɗanɗana wannan. Tauraronta NigComSat-1, wanda aka harba a Mayu 2007, ya mutu a Nuwamba 2008 saboda fukafukansa na sola sun ɓaci. Sai a 2011 aka maye gurbinsa.

To, mu dawo gida. Ranar da suke kashe dukiya su bi ta sama, ita ce ke dukan Bodinga da Shagari kyauta. Tun 1982, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato don cin moriyarta. Abokan gāban sola a nan uku ne: dare, da ƙurar hunturu, da zafin bazara mai rage ran batir. Dukkansu da magani a hannunmu: batir nagari, da tsumman goge faifai, da ɗaki mai sanyi. Abin da ke ƙaranci shi ne mai gyara.

Shawara ita ce, 'yan kasuwa su haɗa kuɗi su sayi nagari, su ware na gyara tun farko. Malamai kuma su saki wasu almajirai su koyi sana'ar. Littattafan da Shehu Usmanu ya wallafa a Sifawa, da na Malam Abdullahi a Bodinga, sun wuce shekara 200 suna hannunmu, domin kowane zamani ya sami masu kwafa da adanawa. Sola ma haka take: mai kula da ita shi ke sa ta daɗe.