TAURARON GADI: WA ZAI TSARE?

Jama'a, a watan Agusta na 2023 ƙasar Sin ta harba wani tauraron ɗan Adam mai suna Ludi Tance-4, na farko a duniya da ya hau da na'urar rada mai zana hoton ƙasa har nisan kilomita 36,000. Kada wani ya ce wannan zancen masana ne, babu ruwan talaka. Da ruwansa ƙwarai.

Ita rada ba ta bukatar hasken rana. Saƙo take aikowa ƙasa ta saurari amsawarsa, saboda haka dare da hadari ba su rufe mata ido. Amma taurarin rada da aka saba da su, irin Sentinel-1 na Turawa, ƙasa-ƙasa suke shawagi, wajen kilomita 700, kuma kowanne sai bayan kwana 12 yake komowa kan hanyarsa. Wanda ke can sama kuwa tafiyarsa ta yi daidai da juyawar duniya, kullum yana bisa yanki guda kamar mai gadi.

Aikin ba wasa ba ne. Tun 1978 wani injiniya, Kiyo Tomiyasu, ya kawo shawarar, aka shekara 45 kafin ta tabbata. Nisan ya ninka sau 50, amsar tana komowa a raunane, dole a yi faifai makeke da wutar lantarki mai yawa. Kuma in tauraron ya tsaya cik ba zai zana kome ba, sai an karkata hanyarsa yana kai da kawowa, ya daɗe yana tattara hoto guda.

To, ga inda maganarmu take. Tauraro irin wannan ba ya ganin duniya duka, sai gefen da aka ajiye shi. Na Sin ƙasar Sin yake tsaro. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta taɓa nazarin wani mai suna Hydroterra domin duban ruwa a Turai da Afirka, amma a 2021 ta fifita wani shirin dabam. Taurarin Nijeriya na 2011, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, masu kyamara ne. In hadari ya haɗu sun makance, alhali da damina aka fi bukatarsu. Wanda ya ga yadda ruwan Alau ya ci Maiduguri cikin dare ɗaya a Satumban 2024 ya san ambaliya ba ta jiran kwana 12.

Saboda haka muna kira ga Gwamnati da sauran ƙasashen Afirka su tura injiniyoyinmu tun ana zanen irin wannan tauraro, su sa kuɗi, su sa baki a kan inda za a ajiye shi, da sau nawa zai dubi kogunanmu, da sharaɗin a ba da hotunan kyauta. In an harba an gama, ba mai gyara shi daga nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.